Igiya ta Uku a Rigar Kofur Ɗanladi

Shekaranjiya ina zaune a ƙofar shagona a nan Ƙofar Jatau, sai na ji ɗayanku, ku samarin da kuka buɗe shagon ɗinki a maƙwabta, yana cewa wai ɗinkin kayan soja ba ɗinki ba ne. Wai yadi kala ɗaya, zare kala ɗaya, layi miƙaƙƙe, ko makaho ka ɗora a kan keke ya yi. Na ji shi sarai, ban tanka ba ne don akwai allura a bakina. To yau babu, sai ku jawo benci. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina yi wa soja ɗinki, kuma abin da ya fi ba ni wuya a sana'ar wani ɗan ƙyalle ne da bai wuce tsawon yatsa ba.

Ni Tanimu, gidanmu gidan ɗinkin hannu ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, zai yi wata uku a kan aljihun babbar riga guda yana zuba mata aska takwas, da safe kuma ya ba da karatu a zaure. Ran da na ce masa ina so in koyi ɗinkin keke a bariki, sai ya ajiye rigar da ke cinyarsa ya ce, “Bariki? Duk faɗin Zariya ka rasa inda za ka nemi abinci sai bariki?” Kun san mu mutanen cikin ganuwa, in aka ce wane ɗan bariki ne, an gama zaginsa ke nan. Da kyar ya yarda, shi ma don wanda zan zauna a hannunsa mutumin Ƙofar Kibo ne, kuma tare suke sahu ran Juma'a.

Baba Saje ake ce masa. Tsohon soja ne, ya je Boma a yaƙin Turawa, ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji da wani keken hannu baƙi da ya fi ni shekaru. Rumfarsa na cikin kasuwar mami, wato 'yar kasuwar da ke bayan bariki, inda matan soja ke cefane, kowa kuma sai da fas, wato takardar izini, yake shiga. Da na ba shi labarin abin da mahaifina ya ce, dariya ya yi har da tari. Ya ce, “Bariki fa ɗakin kwanan soja ne a bakin Bature, shi ke nan. Ku mutanen birni ne kuka ɗora mata kaya, duk abin da ba ku so ku ce na bariki ne.”

Aikin farko da ya ba ni, wandon wani kurtu ne da za a rage wa tsawo. Na ɗauki almakashi zan yanka, sai ya bugi bayan hannuna da tef. Ya ce, “Mene ne kurtu?” Na ce soja. Ya ce, “Ƙarya ne, bai zama ba tukuna. Kurtu sabon ɗauka ne, rikurut Bature yake cewa, harshenmu ya murɗe shi. Wata shida za a yi ana gasa masa aya a hannu, zai rame, ƙugunsa zai zube, wandon kuma bayan ya gama za a iya ba wani. Saboda haka ba a yanke wandon kurtu, naɗewa ake yi ciki.” Tun daga ranar sai da na yi wata biyu ban taɓa almakashi ba, sunaye nake hardacewa kamar mai tilawa. A ganinsa, wanda bai san sunan abu ba zai ɗinka shi a inda ba wurinsa ba.

Kuma Baba Saje bai taɓa ba ka kalma ya bar ta haka ba, sai ya gaya maka ƙofar da ta shigo. Yana juya keke yana lissafa su. Hafsa daga ofisa ne, samanja daga sajan-manjo, fareti da sintiri da gadirum duk na Bature ne muka sa musu hula. Sintiri asalinsa mai gadin da ke kai da komo a bakin ƙofa, ga shi yau har uwa takan ce wa ɗanta ya daina yi mata sintiri a tsakar gida. Kaki kuwa ya ce ko Baturen ma aro ya yi, a ƙasar Indiya ya ji kalmar da kunnensa tun yana ƙaramin soja, kuma launin ƙasa take nufi. Ni kuma in na koma gida da yamma sai in kwashe duka in zube wa mahaifina. Yana yi kamar ba ya saurare, sai ran da na ambaci bindiga. Nan ya gyara zama ya ce, “Wannan ba tasu ba ce. Bindiga da harsashi da albarushi duk daga Larabci suke, fatake suka kawo su tun kakan kakan Baturen bai san hanyar Zazzau ba.” Da na kai wa Baba Saje, ya ce malam ya yi gaskiya. Badujala ce kaɗai, wato kiɗan soja, ta gagare su su biyun, ni ma har yau ban san inda ta fito ba.

Akwai kuma waɗanda namu ne na gida. Tauraron da hafsa ke sawa a kafaɗa anini muke ce masa, don tsohon kuɗin nan mai huda a tsakiya yana da zanen tauraro. Ku ba ku ga anini ba, kun zo duniya a makare. Ƙyallen da ƙananan sojoji ke sawa a damtse kuwa igiya ne. Igiya ɗaya laskofur, biyu kofur, uku saje. Mutum zai yi shekara bakwai, takwas, rana da ruwa, kafin a ƙara masa guda. Ita ce take nuna wa zai ƙame wa wa, wane ɗaki za a ba iyalinsa, da me kuma zai tafi gida ran sallama.

Igiyar farko da na ɗinka, sau huɗu Baba Saje ya sa na farke ta. Akwai wani kwali da ya yanka ya rataye a ƙusa, ya yi baƙi don tsufa. Shi ake ɗorawa daga ɗinkin kafaɗa, a ja alli a ƙarƙashinsa, nan igiya za ta zauna, bakinta na duban gwiwar hannu, daidai kan karin guga. Ta dama da ta hagu in aka haɗa hannuwan rigar dole su hau kan juna kamar tafin hannu biyu. Da hannu ake fara kama ta kafin a sa a keke, in ba haka ba ƙafar keke za ta ja ta ta karkace. Ku da kuke cewa layi ne miƙaƙƙe, samanja yana hango karkatar da ba ta kai kaurin tsinken ashana ba daga tsallaken filin fareti. Kuma ba tela zai kama ba, mai rigar zai sa ya yi ta tsallen kwaɗo da bindiga a ka har la'asar.

Amma babbar doka ba ta awo ba ce, ta oda ce. A bariki akwai wani allo a jikin ofis inda ake manna takarda, duk wanda aka ƙara wa girma ko aka rage masa, nan sunansa da lambarsa ke fitowa. Wannan ita ce oda. Baba Saje ba ya ɗinka igiya sai an kawo masa kwafin takardar, ko ya taka da ƙafarsa ya je allon ya gani. Yakan ce, “A birni in babba ya ce an ba ka, to an ba ka. A nan ko kanar ne ya rantse maka da Alƙur'ani, in ba ta hau allo ba, hira ce.” Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Ji dai na yi.

A shekarata ta bakwai a rumfar, na yi aure, na sayi keken ƙafa nawa, har sojoji sun fara cewa hannun Tanimu ya fi na tsoho laushi. Kai, na ji daɗin maganar nan, kaina ya yi girma. A cikin masu kawo mini aiki akwai Kofur Ɗanladi, mutumin Wusasa, Kirista ne, dogo, marar hayaniya. Ubansa ma soja ne. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, kuma ya daɗe a kan igiya biyu har waɗanda ya koya wa riƙon bindiga sun wuce shi. Duk ran da ya je gida ya dawo, sai ya ajiye mini ƙullin gyaɗa ko ɗanyar masara a kan keke, bai taɓa cewa ga dalili ba.

Wata Talata ya kawo riguna huɗu a juya musu kwala, don ran Alhamis akwai babban fareti. Baba Saje ba ya nan, ya tafi ƙauye ta'aziyya. Ɗanladi ya zauna a benci yana murmushi shi kaɗai. Na ce, “Kofur, yau da magana a bakinka.” Ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, “Malam Tanimu, kyaftin ɗinmu ya kira ni jiya. Ya ce sunana na cikin na bana. Ya ce ya gani da idonsa.” Na ce, “Alhamdu lillahi! Ashe Saje nake magana da shi.” Ya ce, “A'a, bar shi tukuna, sai ta fito.”

Shi ya faɗi daidai. Ni ne da ya tafi jinin birni ya motsa mini. A gidanmu, in aka ji ƙishin-ƙishin za a yi wa mutum naɗi, ba a jira sai ya aiko. Mahaifina zai fara rigar tun kafin a sa rana, don ran da labari ya tabbata a ce ga taka nan an gama. Wannan shi ne mutunci a wurinmu, shi ne kuma barka. Sai na ce bari in yi wa Ɗanladi irin ta gida. Na juya kwalar rigunan huɗu, na zaɓi wadda ta fi sabunta, na farke igiya biyun, na ɗora mata uku sababbi fil. Wallahi ban taɓa ɗinka igiya mai kyan wannan ba. Na sa musu sitaci, na goge da dutsen guga na gawayi har suna iya tsayawa da kansu, na ninke hannuwa ciki yadda ake yi. Niyyata in ya zo karɓa in buɗe masa ita, mu yi dariya, in ce ya ajiye a ƙasan akwati sai ranar. Don ɗoki ma a sama na sa ta.

Laraba bai zo ba, an sa shi gadi. Matarsa ya aiko, ta kuma zo daidai ina masallaci sallar Azahar. Maƙwabcin rumfarmu mai gyaran takalma ya ga ƙulli da sunan Ɗanladi a jiki, ya miƙa mata. Da na dawo ya gaya mini, sai na ce a raina ai zai gani. Wa zai sa riga bai duba ba? Na rufe rumfa na hau kekena na hawa na shige birni.

Ran Alhamis da hantsi ina tsakiyar ɗinki na ga kasuwar ta yi tsit. Mai gyaran takalma ya leƙo ya ce, “Tanimu, ka ji an kai Kofur Ɗanladi gadirum?” Gadirum shi ne ɗakin da ake kulle sojan da ya yi laifi. Abin da ya faru, ya sauka daga gadi a gajiye, ya ɗan kwanta, busar bigila ta tashe shi. Ya zari rigar da ke sama ya zura a guje. A hanya abokansa na ta ce masa “Saje! Saje!” yana ɗaga musu hannu, a zatonsa tsokana ce don kowa ya ji raɗe-raɗin, su kuma a zatonsu oda ta fito. Haka ya shiga layi a gaban manyan baƙi da igiyar da ba a ba shi ba. Samanja ya zo wucewa da sandarsa ya tsaya cak.

A soja, sa girman da ba naka ba babban laifi ne, daidai yake da sata. Hukuncinsa na iya kaiwa ga kora, ba sallamar girma, ba fansho, shekarun da mutum ya yi duk sun bi ruwa. Kuma da aka tambaye shi wa ya ɗinka, Ɗanladi cewa ya yi rigarsa ce, shi ya sa ta a jikinsa. Bai ambaci sunana ba.

Baba Saje ya dawo da yammacin ranar, na same shi a gida na faɗa masa komai. Na zaci zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin da na fi samun sauƙi. Sai ya murza carbi ya ce, “Ka riga malam masallaci, Tanimu.” Na ce zan nemi dattawan unguwa su raka ni mu je mu ba da haƙuri. Ya ce, “Ka ga irinta ko? Har yanzu birni kake yi. Ba wanda zai raka ka. Gobe ka tsaya a ƙofar ofishin samanja tun kafin ya iso. Kada ka tsuguna, kada ka tambaye shi iyali da gajiya. Kada in ji ka ce wai, kada in ji ka ce na ɗauka. Ka miƙe, ka faɗi sunanka, ka faɗi abin da hannunka ya yi, ka rufe bakinka. Ka kuma tafi da fas ɗinka a aljihu, don ba za ka dawo da shi ba.”

Haka na yi. Samanjan wani gajere ne mai faɗin ƙirji, ba Bahaushe ba ne, Hausar bariki ce a bakinsa, gajeriya ba ado. Na miƙe na ce, “Sunana Tanimu, tela a rumfar Baba Saje. Ni na ɗinka igiya uku a rigar Kofur Ɗanladi. Bai sa ni ba, bai sani ba.”

Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, “Wa ya ba ka oda?”

Na ce, “Babu.”

“Ka ga takarda?”

“Ban gani ba.”

“To don me?”

Nan na manta da gargaɗin tsoho na ce, “Ranka ya daɗe, barka na so in yi masa.”

Ya ce, “Barka.” Ya maimaita ta kamar bai taɓa jin kalmar ba. Sannan ya miƙo hannu, na sa masa fas. Ya ce zai kai maganata gaban kwamanda, amma in sani soja ne ke da alhakin abin da ke jikinsa, ko aljani ne ya ɗinka.

Maganata ta yi amfani, ba ta yi duka ba. Ba a kori Ɗanladi ba. An same shi da sakaci, aka cire masa igiya ɗaya ya koma laskofur, aka kuma soke sunansa daga na bana. Ashe da gaske sunan yana ciki, odar ta hau allo bayan kwana tara ba shi. Kwana tara! Garin neman gira na jawo wa bawan Allah asarar ido. Ni kuma aka hana ni shiga bariki shekara guda.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Na ɗauko kekena a amalanke na dawo da shi cikin birni, mutane na kallo, har na ji wata tana cewa barikin ma ta koro shi. Mahaifina ya sa aka matsar da allunan zaure aka ba ni kusurwa. Mutanen birni ba su san ni da ɗinki ba, kowa da telansa tun na kakansa. Sai facin wando, sai ɗinkin buhu, sai rigar makaranta in an dace. Damina ta zo zauren na yoyo, ƙoshiyar keke ta yi tsatsa. Akwai ranakun da daga safe har magariba ban taka keken ba, matata ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli.

Mako uku da dawowata, ina zaune da rana, aka yi sallama. Ɗanladi ne cikin farin kaftani, da ƙulli a hammata. Tun daga bariki ya tako yana tambayar gidan Malam mai ɗinkin hannu. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya gaida mahaifina har ƙasa, ya zauna, ya kwance ƙullin, ga rigunan nan huɗu. Ya ciro takarda daga aljihu ya miƙa mini ya ce, “Ga oda. Ɗaiɗai za a bari.” Na ce, “Kofur, ai Baba Saje na nan, shi ya fi ni.” Ya ce, “Laskofur. Kai ka sa, kai za ka cire.” Ba da faɗa ya faɗa ba. Na ce masa ya yafe mini, hawaye na zuba a gaban mahaifina, ban ji kunya ba. Ya ce, “Ya wuce, Malam Tanimu. Na san don alheri ka yi.”

Sai da ya miƙe zai tafi ya gaya mini sauran. A makon faretin mahaifiyarsa ta zo bariki ganin jika. Matar soja ce, ta iya ƙirga igiya tun ba a haife shi ba. Da ya fita a guje da safen nan ta hango uku a damtsensa, ta rangaɗa guɗa, ta ɗaure kayanta ta koma Wusasa tun kafin labarin gadirum ya iso gidan. Ta shiga gida gida ta faɗa, ran Lahadi har godiya aka yi a coci. Ubansa a kofur ya mutu, ita kuma burinta ke nan ta ga ɗanta ya wuce uban. Ya ce ya hana kowa gaya mata, shi kuma ba zai ƙara shiga Wusasa da kaki ba.

Cire igiya ya fi sa ta wuya, wannan ku rubuta ku ajiye. Rana da wanki suna cin kaki ya yi fari, amma inda igiya ta rufe yana nan da duhunsa. In ka farke, sai inuwarta ta fito ɓaro-ɓaro, duk wanda ya kalli damtsen ya san an rage wa mutumin nan girma. Da reza na bi zaren ɗaya bayan ɗaya don kada in ci yadin. Ramukan allura na jiƙa su na murje da bayan cokali har suka rufe. Inuwar kuwa Baba Saje ne ya aiko mini da dabararta. Na yanka kwali na huda shi daidai siffar igiyar, na rufe hannun rigar da shi, wurin duhun kaɗai ke waje. In shafa masa ruwan lemon tsami in hau da shi kan soro, rana ta yi aikinta, in hadari ya taso in kwaso a guje. Hannu takwas, kwana goma sha biyu ina hawa da sauka. Da ya zo karɓa ya ɗaga riga a hasken ƙofa ya juya ta, ya juya, ya ce, “Kamar ban taɓa zama kofur ba.” Yabo ya yi mini, amma na fi son mari da wannan yabon.

Shekara ta cika aka mayar mini da fas, na koma rumfa. Daga nan har na bar aikin bariki, ko maɓalli ne mai tambari sai na ga takarda, har sojoji suka sa mini suna Tanimu Ina-Oda. Ɗanladi ya ci gaba da kawo mini ɗinki, gyaɗar ma ba ta yanke ba. Na yi ta zuba ido a allo ko za a mayar masa da ko da ta biyun. Ba a mayar ba.

Ana gobe zai yi sallama da aiki ya zo rumfa da rigunan duka. Doka ce, wanda ya bar soja in zai riƙe tsohon kaki don zuwa gona, sai an cire masa duk wata alama. Ina farkewa muna hira, na tambaye shi jikin tsohuwa, don na ji ba ta da lafiya. Ya ce jiki ya yi nauyi, ta daina fita, kullum kuma tambayarta ɗaya ce, yaushe Saje zai zo mata cikin kaki ta gan shi.

Na ajiye reza. Baba Saje na gyangyaɗi, kunnensa mai ji yana wajen bango. Na matsa kusa na ce, “Ka ga, ka bar mini riga ɗaya. In sa maka uku, ka ɗora kaftani a kai, in ka shiga ɗakinta ka tuɓe ta gani. Gobe ka kawo in cire. Daga ni sai kai sai Allah.”

Ya yi 'yar dariya ya girgiza kai. Ya ce, “Malam Tanimu, kai dai ɗan birni ne, ba ka ji. Shekara biyu ina ɓuya wa tsohuwar nan kamar ɓarawo, na gaji. Ɗaya suka bar mini, kuma tawa ce, da oda na same ta. Har gobe da safe ni soja ne. Bar ta a riga guda, ka goge mini ita.”

Na hura gawayi na goge rigar. Ya sa ta a nan cikin rumfa, ya gyara bel, ya duba damtsen dama, ya duba na hagu. Ya ce in ajiye masa kaftanin da ya tuɓe, ya zo ya karɓa wani lokaci. Na raka shi har ƙofar bariki, na tsaya ina kallo ya miƙe hanyar Wusasa da igiyarsa ɗaya, rana tsaka.